Bangon bayan murhu a gidan haya: me za a sa in ba tayil ba?

Maman Hanan (Jidda): Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwa. Shawara nake nema. Wata uku ke nan da muka koma wani gida a Gulail, komai na gidan alhamdu lillahi, sai kicin. Bangon da ke bayan murhu da wurin wanke-wanke babu tayil ko ɗaya, fentin ruwa ne fari aka shafa. Ni kuma kullum da safe sai na soya ƙosai, ga miyar manja da Baban Hanan ba ya iya kwana uku bai ci ba. Yanzu bangon ya koma ɗige-ɗige, ja da rawaya, in na sa soso fentin ne ke biyo hannuna, tabon yana nan. Mai gidan ya ce shi ba zai sa tayil ba, kuma bai yarda a fasa masa bango ba. Na auna wurin: tsawonsa mita 3, daga kan kanta zuwa ƙasan kabad santimita 60. Abin da zan iya kashewa bai wuce riyal 300 ba. Me zan sa da hannuna wanda zai goge in mai ya fantsama?

Ummu Abdallah (Makka): Wa alaikumus salam Maman Hanan. Sitika za ki saya, irin mai zanen tayil ɗin nan. Tana nan a shagunan Abu Riyalain, a intanet ma akwai. Ki ɓare takardar baya ki manna, ki bi da tsumma kina dannawa don iska ta fita. Tawa shekara biyu ke nan a Shari'a Mansur, ko gefe bai ɗaga ba. Ranar da za ku tashi ki sa na'urar busar da gashi ki ɗumama ta, ta ɓaru salin-alin.

Hajiya Ladi: Ummu Abdallah, Makka daban, Jidda daban. Ku can zafi ne busasshe. Mu nan bakin teku ne, daga watan Agusta zuwa Oktoba bango ma gumi yake yi. Na sa sitikar nan kafin azumin bara. Daren sha biyu ga wata ina suyar sambusa a babban kasko, sai na ji wari kamar ana ƙona leda. Ina dubawa, wadda ke daidai bayan kaskon ta nannaɗe kamar ganyen da rana ta daka, gefenta ya yi baƙi. Allah ne ya tsare. Bayan sallah na ce bari in cire sauran, wallahi abin da na gani a bayanta har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi: ƙananan kyankyasan nan masu ruwan ƙasa sun yi gida a duk inda gam ya saki, da ƙwayayensu jere. Waje mai ɗumi, mai maiƙo, mai duhu, me suke nema da ya fi wannan? Ƙanwata, ban hana ki ba, amma kada ki kai ta kusa da wuta.

Ummu Abdallah (Makka): Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. Amma ina jin ta roba zalla kika samu. Akwai mai fuskar alminiyam, mai ƙyalli, ita ce tawa a bayan murhu. Kuma murhuna yana da murfin gilashi da nake ɗagawa in zan yi girki, shi ke tare wutar.

Hajiya Ladi: To kin ga ashe ba sitikar ce ke aikin ba, murfin ne.

Malam Habu mai fenti: Salamu alaikum. Shekarata goma sha tara ina wannan sana'a tsakanin Jidda da Makka, bari in sa baki. Hajiya Maman Hanan, abin da ya fi komai araha a wurinki fentin mai ne, mai sheƙi, wanda Larabawa ke ce wa zaiti lammā'. Mita 3 sau santimita 60 bai kai murabba'in mita 2 ba. Lita ɗaya tana shafe kusan murabba'in mita 10, ke nan ƙaramin gwangwani zai yi miki shafi biyu har ya ragu. Na kamfanin Jotun ko na Jazeera, duk wanda kika samu.

Amma fentin ba shi ne aikin ba. Gyaran bangon shi ne aikin, kuma nan ne mutane ke yin gaggawa su yi asara. Fenti ba ya kama maiƙo. In kika shafa a kan bangon nan yadda yake, cikin wata guda zai kumbura ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Ki fara wanke shi da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, sau biyu ko uku, har sai kin shafa yatsa kin ji ba ya santsi. Inda tsohon fentin ya yi laushi ki kankare shi da wuƙar ma'ajun, wato ƙullun da ake cike ramin bango da shi. Ki bar shi kwana guda ya bushe sarai, ki cike ramuka da ma'ajun, ki goge da samfefa, ki share ƙurar da ɗanyen tsumma. Sai shafin farko na asas, wato fentin ƙasa, kuma ki ce wa mai shago mai hana tabo fitowa kike so. Wannan dole ne saboda manja. Manja yana ratsa bango, in ba a toshe shi ba sai ya ɓullo ta cikin sabon fentin. Bayan asas, shafi biyu marasa kauri da ƙaramar rola ta soso, tsakaninsu kwana guda. A laimar Jidda ma in kin ƙara yini ya fi.

Kada ki zaɓi fari tas. Fentin mai fari yana komawa rawaya da kansa a wurin da rana ba ta shiga. Ki ɗauki ruwan toka mai haske ko ruwan madara.

Maman Hanan (Jidda): Malam na gode, Allah ya saka da alheri. Sai dai Hanan tana da asma, warin fentin mai ba zai tayar mata ba? Kuma kwana nawa zan yi ban yi girki ba?

Malam Habu mai fenti: Zai iya tayar mata, gaskiya. Kwana uku na farko warin yana da ƙarfi. In akwai gidan 'yan uwa ta kwana can, a buɗe taga, a kunna fankar da ke zuƙe hayaƙi. Akwai kuma mai sheƙi na ruwa wanda ake wankewa, warinsa kaɗan ne, ya ɗan fi tsada, bai kai na mai tauri ba amma yana yi. Girki mara suya za ki iya bayan kwana biyu. Gogewa da soso kuwa sai bayan mako guda aƙalla, don saman yana bushewa da wuri, cikin ne ke daɗewa. Kuma wajen wankin bangon, ina roƙon kowa a nan: kada a haɗa Clorox, ruwan bilicin nan, da ruwan wankin banɗaki mai asid wai don ya fi cire datti. Iskar da ke tashi guba ce, tana kai mutum asibiti.

Baban Sadiƙ: Malam Habu, kowa ya san mai fenti fenti zai ce. Ni dai na sa wa uwargida badil rukham, allon roban nan mai kama da dutsen marmara. Faɗinsa santimita 122, tsawonsa 244, kaurinsa milimita 3. Ku duba lissafin: in aka tsaga shi biyu ta tsawo, kowane ɓari santimita 61 ne, kusan daidai da tsayin bangon Maman Hanan. Allo ɗaya zai rufe kusan mita 5, ita kuwa 3 take nema. Da wuƙar kata na yanka nawa, na bi layi sau huɗu na karya. Silikon na ɗiɗɗiga a baya na manna. Babu layin siminti irin na tayil da datti zai maƙale, tsumma ɗaya ya gama. Baƙi in sun shigo sai sun taɓa su ji ko dutse ne.

Injiniya Nura (Dammam): Baban Sadiƙ, allon yana da kyau, ba na musu. Amma PVC ne, ɗan uwan bututun ruwa, an haɗa shi da garin dutse. PVC yana fara laushi tun zafi bai kai digiri 80 ba, ruwa ma sai a 100 yake tafasa. Harshen wutar gas da ke lasar gindin babbar tukunya yana fita ta gefe, in tukunyar tana kusa da bango allon zai lanƙwashe, launinsa ya ƙone, kuma hayaƙin PVC yana cutar da huhu. A gefen wurin wanke-wanke, madalla. A bayan murhu, a'a.

Haka kladin, allon alminiyam da ake lulluɓe fuskar shaguna da shi. Na ga 'yan uwa suna karɓo ragowarsa a warsha, wato shagon masu ƙira, suna kafawa a kicin saboda a ido ƙarfe ne. Alminiyam ɗin ɗan siriri ne ciki da waje, tsakiyar roba ce. Irin wannan allon ne ya sa wuta ta haye benen Grenfell a Landan a watan Yunin 2017, mutum 72 suka rasu. Akwai mai jure wuta, amma ragowar da aka ba ka kyauta, wa zai tabbatar maka wanne ne?

Baban Sadiƙ: Injiniya, nawa wata takwas ke nan bai yi komai ba.

Injiniya Nura (Dammam): Tsakanin kan murhunka na baya da bango santimita nawa ne?

Baban Sadiƙ: Na je na auna, kusan 20. Kuma gaskiya ita ba ta cika amfani da na bayan ba.

Injiniya Nura (Dammam): Shi ya cece ka. Maman Hanan kuma suyar ƙosai take kullum. Ga abin da nake gani: kada a ɗauki bangon nan a matsayin abu ɗaya. Mita 3 ɗin, wurin da wuta ke taɓawa bai wuce santimita 90 ba. Nan ne kawai ke buƙatar abin da ba ya ci da wuta. Ki je warshar da ke ƙera kayan kicin na gidajen abinci, ki ce a yanka miki farantin istil, ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya saurin tsatsa, santimita 90 a 60, kaurin milimita 0.6 zuwa 0.8. Sau da yawa suna da guntaye da suka rage daga babban aiki, za su sayar da sauƙi. Ki ce su lanƙwasa bakinsa ko su goge shi, domin sabon yanka yana da kaifi kamar reza. Su huda kusurwa huɗu, a ɗaure da sukuru. Ranar tashi a kwance, a cike ramuka huɗu da ma'ajun, ki tafi da abinki sabon gida. Sauran mita 2 ɗin kuma fentin Malam Habu ko allon Baban Sadiƙ, duk wanda ya yi miki.

Istil ɗin iri-iri ne, ki nemi lamba 304. Akwai 201, ya fi araha, amma iskar Jidda mai gishiri ce, yana yin ɗigon tsatsa.

Abu Yasir: Hanyar ganewa mai sauƙi ce, a tafi da maganaɗisu. In ya kama ba mai kyau ba ne, in bai kama ba 304 ne.

Injiniya Nura (Dammam): Abu Yasir, wannan gwajin rabi yake yi. Maganaɗisu yana kama lamba 430, gaskiya ne. Amma 201 ma ba ya kamawa, kamar 304. Don haka da shi ba za ka raba su ba. A duba hatimin da ke jikin babban farantin ko ledar da aka rufe shi da ita, lambar tana rubuce. Kuma bayan an kafa, kada a wanke shi da Clorox, kada a sa sosan ƙarfe. Sabulu da tsumma, a bi layin da ke jikinsa.

Goggo Asabe: 'Ya'yana, jikata ce ke rubuta mini. Ina jin ku tun jiya. Ni a Kano aka haife ni, kuma na ga yadda magina ke yi wa soro laso. Katsi ake ɗebowa daga marina, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar baba, a ƙona shi a daka, a haɗa da gashin jima daga majema da ruwan dafara. In aka shafe bango da shi ya bushe, ruwan sama ya yi ta duka ba ya shiga. Makuba kuma daga ɓawon ɗorawa ake samu, ita ake zuba wa daɓe ya yi tauri ya yi duhu. Ba don ku yi na faɗa ba, a nan ina za ku samu katsi. Na faɗa ne don ku san iyayenku ba su jira tayil ba.

Abin da nake yi tun zuwana ƙasar nan kuwa, babban faranti na alminiyam, irin wanda ake zuba wa mutum goma shinkafa, shi na huda na rataya a ƙusa bayan murhu. In na gama suya na sauke shi na wanke tare da kwanuka, na mayar. Wanda ke rataye yanzu ya girmi jikar tawa. Maman Hanan, kafin kuɗin istil su samu, ki fara da wannan yau.

Maman Hanan (Jidda): Goggo, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi ina da irinsa a saman kabad, tun walimar suna ban sake taɓa shi ba. Yanzu zan sauko da shi.

Hajiya Ladi: Goggo ta gama magana. Kuma abin da ya fi burge ni, ana sauke shi, babu inda kyankyaso zai ɓuya. Duk wanda zai manna allo ko ƙarfe, don Allah ya zagaye bakinsa kaf da silikon, sama da ƙasa da gefe, musamman inda ya haɗu da kanta. Ko kaurin farce aka bari za su shiga.

Maman Ihsan (Madina): Ba wanda ya ambaci gilashi. Ƙanwar mijina ta sa sikurit, gilashin nan da ake gasawa ya yi tauri, mai kaurin milimita 6, an fente bayansa kore. Ban taɓa ganin abin da ya kai shi sauƙin gogewa ba, ko kurkum ba ya kama shi.

Injiniya Nura (Dammam): Yana da kyau ƙwarai, kuma yana jure zafi. Matsalarsa biyu. Ba a yanka shi ko a huda shi bayan an gasa, in aka gwada sai ya tarwatse ya zama tsakuwa. Ke nan awo da ramin soket duk sai an gama su tun farko, in aka yi kuskuren santimita ɗaya an yi asara. Na biyu, ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma da wuya ya shiga riyal 300 in za a rufe duka bangon. Gilashin taga na yau da kullum kuwa kada a kuskura, zafi gefe ɗaya yana tsaga shi.

Alhaji Ɗanjuma: Ni fa ban gane wannan wahala ba. Tayil ɗin nawa yake? Murabba'in mita 2 ne fa. Masu sayar da balat, wato tayil, suna da ragowar kwali da aka daina kawo irinsa, suna neman wanda zai kwashe. A kasuwar Sawarik ma ana samu. Kwali biyu ya isa. Kuɗin mu'allim mai sa tayil ɗin ne ke da yawa, shi ma aikin rabin yini ne. Kuma ba sai an fasa bango ba, da gam na tayil ake mannawa a kai. Abin da zai yi shekara ashirin ya fi abin da za a sake bayan shekara biyu.

Maman Hanan (Jidda): Alhaji gaskiyarka, da gidanmu ne da ban tsaya tambaya ba. Amma mutumin nan ya ce ko da gam ne bai yarda ba, wai in wani ya shigo bai so launin ba shi za a bari da aikin cirewa. Kuma yarjejeniyarmu ta shekara ɗaya ce, ban san ko za mu sabunta ba. Gida na uku ke nan cikin shekara shida.

Abu Yasir: Wannan maganar ta haya a kula da ita. Mu a gidan da muka bari, fenti kawai na sauya wa kicin, mai gidan ya riƙe mana kuɗin ajiya ya ce na canza masa gida ba da izini ba. Ba ni da abin da zan nuna, don da baki muka yi magana da mai gadi. Tunda yanzu yarjejeniya a Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, ake rubuta ta, komai ya koma rubutu. Ki ɗauki hoton bangon yadda yake yanzu da tabonsa, ki tura masa ta WhatsApp, ki rubuta abin da za ki yi dalla-dalla: fenti launi kaza, ramin sukuru huɗu. In ya amsa da "na yarda", ki adana saƙon.

Malam Habu mai fenti: Ƙari a kan na Injiniya: in akwai soket a wurin, a kashe wutar kicin daga babban akwati kafin a kwance murfinsa, ko fenti za a yi ko ƙarfe. Wutar gidajen yanzu volt 230 ce. Kuma kada bakin istil ya taɓa waya, a bar tazara. Kafin huda bango a lura, waya takan bi miƙe sama ko ƙasa daga soket, kada a huda a kan wannan layin. A janye tukunyar gas daga kicin ranar fentin mai.

Ummu Abdallah (Makka): Har yanzu dai ina kan bakana, a gefen wanke-wanke sitika ta fi sauƙi ga mace ita kaɗai da yara. Babu wari, babu jiran mako guda.

Malam Habu mai fenti: Hajiya, ko sitikar ce sai an yi wancan wankin da na faɗa, kuma a kan fentin ruwa mai gari ba ta zama. In an yi fentin mai tukuna, to a kansa tana kamawa da kyau.

Maman Hanan (Jidda): Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana goma sha biyu. Mai gida ya yarda a rubuce, har ya ce launin ruwan toka ya yi masa. Na kai yara gidan yayata a Kilo 14 suka yi kwana huɗu. Wankin bangon ne ya fi ba ni wuya, sau huɗu na yi, ruwan yana fitowa ja kamar na wanke tukunyar miya. A wuri ɗaya tabon manja ya sake ɓullowa ta cikin asas, na ƙara masa shafi kamar yadda Malam ya ce, ya ɓace. Baban Hanan ya samo guntun istil a wata warsha, 304 a rubuce a ledarsa, sai dai 85 ne faɗinsa ba 90 ba, muka karɓa haka. Da fenti da asas da rola da samfefa da silikon da ƙarfen, riyal 235 muka kashe. Yau da safe na soya ƙosai, na goge da tsumma ɗaya. Farantin Goggo kuma ban mayar da shi saman kabad ba, na jingina shi ta gefen hagu inda murhun ke kusa da bangon taga, don can ma mai yana kaiwa.

Tambaya ɗaya ta rage, Malam Habu: silikon ɗin da na sa tsakanin kanta da bango ya yi kauri a wani wuri, ya yi tudu. In yanke in sake, ko in bar shi?

Malam Habu mai fenti: Ki yanke wurin da reza, ki cire shi tas, don sabo ba ya kama tsoho. Ki manna tef sama da ƙasa ki bar tsakani kamar faɗin fensir, ki zuba, ki tsoma yatsa a ruwan sabulu ki ja sau ɗaya ba tsayawa. Ki cire tef ɗin nan take tun bai bushe ba, kuma kada ruwa ya taɓa shi sai gobe war haka.